Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Dutsen da Na Jefa a Minti na 88

A makon jiya na tsaya ne a inda na samu karɓuwa a wurin samarin da ke zama a bayan raga, waɗanda sauran 'yan kallo suke kira 'yan daba, mu kuwa muke kiran kanmu magoya baya na haƙiƙa. Shekaruna 19 a lokacin, ba ni da aikin yi tsayayye, kuma babu wani wuri a duniya da ake tambayar ina nake idan ban zo ba sai wannan wurin. Wannan ba uzuri ba ne, amma duk wanda yake son ya gane abin da ke kai yaro mai hankali cikin irin wannan taro, daga nan ya kamata ya fara.

Mafi yawan mutane sun ɗauka cewa rigimar filin ƙwallo ɓarkewa take yi haka kawai, idan alƙalin wasa ya yi kuskure rai ya ɓaci. A wurinmu dai ba haka ba ne, domin tun daren jajibirin wasa ake raba aiki. Shugabanmu mutum ne mai sanyin murya wanda ya girme mu nesa ba kusa ba, kuma a tsawon zaman da na yi da shi ban taɓa ganin ya ɗauki dutse da hannunsa ba. Shi yake kawo tikitin kyauta daga wurin wani daga cikin jami'an ƙungiya, shi yake faɗin waɗanda za su tare motar baƙi a bakin ƙofa su yi ta dukanta da tafin hannu har 'yan wasan da ke ciki su firgita, shi kuma yake zaɓen waɗanda za su wurga buhunan duwatsu ta kan katanga da almuru, a ɓoye su a ƙarƙashin matakala tun kafin masu bincike su tsaya a ƙofa washegari. Aƙidar guda ɗaya ce, kuma kullum sai ya maimaita ta: ba a cin mu a gida.

Aikin da aka ba ni shi ne mataimakin alƙalin wasa, wato mai ɗaga tuta. Zan zauna daidai saitinsa, in bi shi duk inda ya yi a gefen layi, in yi ta zaginsa da kiran sunan iyayensa tun daga busar farko, har hannunsa ya yi nauyi ya kasa ɗaga tuta a kanmu. Na ƙware a wannan aiki ƙwarai, kuma abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne, saboda yawan bin layin da nake yi, na fi kusan kowa a wannan fili sanin dokar satar gida.

A ranar da nake ba da labari, abokan hamayyarmu na tun fil'azal ne suka zo. Ƙanina, wanda shekarunsa 11, ya yi watanni yana roƙona in kai shi ya ga wasa da idonsa, domin a rediyo kaɗai ya san 'yan wasan. Da zan fita da shi, mahaifinmu ya kira ni ya ce, "Amana ce na ba ka, yadda ka fita da shi haka za ka dawo mini da shi." Na ce, "In Allah ya yarda, Baba." Da muka shiga, sai na yi abin da nake ganin dabara ce. Na san inda aka ɓoye duwatsu, na san inda za a fara jifa idan abin ya kai ga haka, saboda haka na kai yaron can nesa, na zaunar da shi a bakin matakalar da ke gangarawa zuwa ƙofar fita, na ce masa ko me ya faru kada ya matsa, idan ya ga hayaniya ya gangara kawai ya fice ya jira ni a waje. Ya ce, "To, Yaya." A lissafina na ajiye shi a wuri mafi aminci a filin gaba ɗaya.

Wasan kansa ba shi da wani abin faɗi. Sun ci mu ɗaya kafin hutun rabin lokaci, muka farke bayan an dawo, aka yi ta fafatawa ba tare da wani ya sake ganin raga ba. A minti na 88 aka sako wa ɗan wasanmu na gaba ƙwallo, ya ruga ya zura ta, fili ya ɗauka da ihu. Ni ban yi ihu ba, domin ina daidai saitin layin, kuma na ga sarai cewa a lokacin da aka bugo ƙwallon ya wuce ɗan bayansu na ƙarshe da kusan taku biyu. Mai tuta ya tsaya kamar na daƙiƙa ɗaya, ina ganin yadda hannunsa yake rawa, sannan ya ɗaga. Mutum ne gajere mai furfura a gefen kai, kuma na kwashe fiye da awa guda ina zagin mahaifiyarsa, amma ya ɗaga. Gaskiya ya yi, na kuma san gaskiya ya yi, duk da haka ni na fara sunkuyawa na laluba ƙarƙashin matakala.

Dutsen bai same shi ba. Wani yaro mai ɗauko ƙwallo da ke tsugune a gefen fili ya samu a kafaɗa, ya faɗi yana kuka, kuma babu wanda ya kula da shi domin kafin ƙiftawar ido jifa ta kaure ta ko'ina. Aka fara ɓalle kujeru, wasu suka haura shinge suka nufi alƙalin wasa, 'yan sanda suka kewaye shi, sannan na ji ƙarar da ban taɓa mantawa ba, wani irin tas mai kauri, sai farin hayaƙi ya tashi a tsakiyar 'yan kallo. Barkonon tsohuwa ba ya tambayar wanda ya yi jifa. Iska ta kwashe shi daga wajenmu ta kai shi ɓangaren da magidanta da yara suke zaune, mutane dubbai suka miƙe lokaci guda idanu a rufe, suka nufi hanya ɗaya tilo da suka sani, wato matakalar da na zaunar da ƙanina.

Mu 'yan bayan raga ko ƙwarzane ba mu yi ba. Mun saba da hayaƙin, mun zo da tsummoki jiƙaƙƙu a aljihu, mun san inda wayar shinge ta yage, saboda haka muka zurara cikin fili inda iska take, muka tsaya muna tari muna dariya. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a filin ƙwallo ban ga haka ba, domin wanda ya ja ruwan ya riga ya san inda zai fake. Sai da na ji wani yana cewa ƙofar gabas, wadda matakalar da na zaunar da ƙanina take gangarawa zuwa gare ta, a kulle take, sannan ƙirjina ya buga. Masu tsaron ƙofa sun sa mata kwaɗo tun bayan hutun rabin lokaci don hana marasa tikiti kutsowa, suka bar wata 'yar ƙaramar ƙofa da ba ta wuce mutum ɗaya ya bi ba, kuma mai riƙe da mabuɗin ya tafi kallon ƙarshen wasa.

Wanda bai taɓa ganin turmutsutsu ba yana zaton gudu ake yi ana tattaka mutane. Abin da na tarar a wannan matakala ba gudu ba ne, babu ma mai iya motsi. Mutane ne a tsaye, an matse su kamar itace a ɗaure, na baya suna turowa domin hayaƙi yana cin idonsu, ba su san na gaba sun ƙure da ƙarfe ba. Babu ihu sosai, domin ihu sai da numfashi. Na ga wani magidanci fuskarsa ta yi baƙi, idanunsa a buɗe suna kallona, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. Na yi ta kiran sunan ƙanina har muryata ta dishe.

A kan katangar gefen matakala na hango shi, a kwance, wani mutum yana riƙe da shi da hannu ɗaya don kada ya faɗo, ɗaya hannun kuma ya dafe ƙarfe. Rigar abokan hamayya ce a jikin mutumin, irin rigar da aka koya mini cewa duk wanda na gani da ita a unguwar fili in yage ta a jikinsa. Shi ya ciro yaron daga cikin matsi ya ɗora shi sama, alhali shi kansa haƙarƙarinsa yana manne da bango. Da aka fasa kwaɗon mutane suka zube waje, ya miƙo mini shi ya ce, "Ɗan'uwa, naka ne? Yi maza da shi asibiti, numfashinsa ba daidai yake ba." Ban tambayi sunansa ba, ban ma yi masa godiya ba, kuma ban sake ganinsa ba har yau. Ƙashin wuyan yaron ya karye, haƙarƙari biyu sun tsage. Akwai waɗanda aka kwantar a gefen hanya aka rufe musu fuska da riguna, na wuce su ina gudu ban tsaya ƙirgawa ba.

A lokacin na ɗauka tsautsayi ne ya faɗa mana mu kaɗai. Ba a daɗe ba, ranar 9 ga Mayu, 2001, na ji a rediyo abin da ya faru a Akra, babban birnin Gana, inda Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko 2 da 1 da ƙwallaye biyu a ƙarshen wasa, magoya bayan Kotoko suka fara jifa da kwalabe da kujeru, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, ƙofofi kuma a rufe. Mutum 126 suka mutu. Ina sauraro jikina yana rawa, domin labarinmu ne tiryan-tiryan, adadin kawai ya bambanta. Daga baya, da na fara bibiyar irin waɗannan labarai kamar mai neman sunansa a jerin masu laifi, na tarar cewa tun 1964 aka yi irinsa a Lima, a wasan Peru da Ajantina, bayan an soke wata ƙwallo ana dab da tashi, inda fiye da mutum 300 suka halaka, akasarinsu a matakalu da bayan ƙofofin ƙarfe. Ko a 2022 ma, a filin Kanjuruhan na Indunusiya, mutum 135 suka mutu ta wannan hanya bayan Arema ta sha kashi a gida a hannun Persebaya, duk da cewa dokokin tsaro na FIFA sun hana amfani da irin wannan hayaƙi a cikin fili, kuma ko magoya bayan baƙi ba a bari sun shiga ba a ranar.

Ba na wanke 'yan sandan da suka harba hayaƙi cikin yara, ba na kuma wanke wanda ya tafi da mabuɗi, amma na daina ɓuya a bayan laifinsu. A filin Heysel na ƙasar Beljiyam a 1985 babu hayaƙin da ya kori kowa, wasu magoya bayan Liverpool ne suka afka wa ɓangaren da ke cike da magoya bayan Juventus, mutane suka ja da baya har bango ya rufta, mutum 39 suka mutu, aka kuma buga wasan a daren, sannan aka kori ƙungiyoyin Ingila daga gasannin Turai na shekara biyar. Abin da ya fi tsaya mini a rai ma shi ne turmutsutsun filin Hillsborough na ƙasar Ingila a 1989, inda babu ɗan daba ko ɗaya da ya jawo abin, sakacin 'yan sanda ne, kamar yadda bincike ya tabbatar a 2016 bayan an kwashe shekaru ana ɗora wa mamatan laifi. Amma shingayen ƙarfen da suka hana mutum 97 da suka mutu sanadiyyar wannan turmutsutsu tsira, saboda tsoron irinmu aka kafa su.

A asibiti mahaifina bai ɗaga mini murya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a bakin gadon yaron har aka gama ɗaure shi, sannan ya juyo ya dubi tafin hannuna, wanda har lokacin ƙurar siminti ba ta fita ba, ya ce, "Kana ina lokacin da aka matse shi?" Na buɗe baki na kasa cewa komai. Ƙanina ne, da ƙyar yana jan numfashi, ya ce, "Baba, ba laifin Yaya ba ne, shi ya ce in zauna kusa da ƙofa don kada a jefe ni." Mahaifina ya daɗe yana kallona, domin ya gane abin da yaron bai gane ba, wato tun kafin a busa wasa na san za a yi jifa.

Hukumar wasanni ta ci ƙungiyarmu tara, ta ba baƙi maki uku, ta kuma ce a buga wasanni uku na gida babu 'yan kallo. Daga cikinmu ba a kama kowa ba a makon farko. A rana ta uku da kwanciyar ƙanina, ina zaune a barandar asibiti da daddare, sai ga shugabanmu ya zo shi kaɗai. Ya tambayi jikin yaron cikin ladabi, ya zauna kusa da ni, sannan ya ce da wannan sanyin muryar tasa wai wani mai ɗaukar hoto ya kama fuskar wanda ya fara jifa, kuma hoton yana hannun 'yan sanda. Ya ce zai iya sa a ɓatar da shi, amma akwai abin da zan yi masa tukuna a wasan waje da ke tafe. Abin da ya nema da amsar da na ba shi, su ne za mu ɗauka a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.