Alkawarin da Na Yi wa Wani Mai Jiran Shari'a

Ina aji huɗu a tsangayar shari'a na shiga aikin sa kai a ofishin taimakon shari'a na jami'armu, irin ofisoshin da ƙungiyar NULAI ta cibiyoyin taimakon shari'a na jami'o'i, wadda aka kafa a 2003, ta yi ta ƙarfafa wa jami'o'in Najeriya gwiwa su buɗe. Ɗalibi ba shi da ikon tsayawa gaban alƙali, saboda haka aikinmu shi ne sauraron mutane, da rubuta bayaninsu, da bin sawun takardu, sannan lauyar da ke kula da mu ta shiga kotu.

A ziyararmu ta farko gidan gyaran hali, sunan da dokar 2019 ta ba gidajen yari, na haɗu da wani magidanci ɗan acaɓa da ya haura shekara biyu a tsare. An kama shi ne saboda wani fasinja da ya ɗauka ana zarginsa da fashi da makami. 'Yan sanda sun kai shi kotun majistare, wadda ba ta da hurumin sauraron irin wannan tuhuma, sai ta tura shi ajiya har shawarar daraktan gabatar da ƙararraki ta fito. Tun daga ranar babu wanda ya sake kiran sunansa.

Ni kuwa karatu yana kaina. Na san sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka tsare wata biyu ba a yi masa shari'a ba a sake shi, ko da bisa sharaɗi ne, amma na manta cewa sashen ya yi togaciya a kan laifin da hukuncinsa kisa ne, fashi da makami kuwa yana ciki. Na kuma san dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14. Da ya tambaye ni, "Barista, yaushe zan ga 'ya'yana?" sai na ce masa, "Malam, da yardar Allah da su za ka yi ƙaramar Sallah."

A hanyar komawa lauyarmu ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, kada ka ƙara sa wa wanda ke tsare rana. Faɗa masa abin da za ka yi gobe, wannan ne kaɗai yake hannunka." Maganar ta yi mini nauyi a lokacin, amma makonnin da suka biyo baya sun nuna mini gaskiyarta.

Fayil ɗinsa ne ya ɓata tsakanin ofisoshi. Jami'in da ya yi bincike an yi masa sauyin wurin aiki, kuma kowane teburi na je sai a ce in duba na gaba. A nan na koyi cewa gaisuwa mai kyau da yawan komawa wajen magatakarda sun fi karanto masa sashen doka amfani, na kuma koyi rubuta lambar ƙara da kwanan wata a kan kowace takarda da ta bi ta hannuna. Da fayil ya samu, muka shirya takardar neman beli a babbar kotu, sai matsalar mai tsaya masa ta taso. Danginsa a ƙauye sun daina zuwa saboda kuɗin mota, wasu ma suna tsoron duk wanda ya sa hannu shi ma za a riƙe shi. Sai da muka je har gaban mai unguwa muka bayyana musu abin da tsayawa mutum take nufi kafin yayansa ya amince.

Sallah ta zo ta wuce yana ciki. Da na koma, kunya ta hana ni haɗa ido da shi, na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba komai, Barista, kai dai ka dawo, wasu ba su dawo ba."

Wata huɗu bayan haɗuwarmu ta farko alƙali ya ba da belinsa, ganin tsawon zaman da ya yi ba a gurfanar da shi ba. Ni na raka yayansa ya cika takardu, kuma da aka buɗe ƙofa abin da ya fara tambaya shi ne ko babur ɗinsa yana nan. Washegari na buɗe sabon fayil na neman babur ɗin.