Ƙwallon golf da ƙasar Yamai

Jiya na gane kurena. Ƙanena ya kawo mini ƙwallayen golf goma sha biyu daga Faransa, masu tsadar nan masu taushin fata, irin da ake yi don filin ciyawa. Mu kuwa a nan sai rairayi da tsakuwa. Bugu uku, fatar ta kurje kamar an goga ta da kankare.

Wani dattijo ya ɗauka ya jujjuya, ya ce, "Ɗana, sayi mai ɓawo biyu, mai taurin fata ta Surlyn, wata irin roba. Ta fi araha, ta fi jure dutse." Nauyinsu kusan ɗaya ne, dokar golf ta ce kada ya wuce giram 45.93.

Kuma farar ƙwallo ɓacewa take yi a cikin yashi, rawaya zan nema. Uku na yi amfani da su, sauran taran suna cikin kwalinsu, madam ta ce in sayar.