Jan layi a MemTest86 ba hukunci ba ne

Yawancin masu kawo mana laftof da ƙorafin tana kashe kanta ko tana nuna shuɗin allo, maganarsu ɗaya ce: "Oga, a yi mata fomatin kawai." Yara masu koyon aiki ma sun fi son haka, don fomatin ba ya cin rai, kuɗinsa kuma a hannu yake. Sai dai injin da RAM ɗinsa, wato ma'ajiyar wucin gadi da yake aiki da ita, ke da matsala, ko sau nawa ka zuba masa sabon Windows zai dawo, mai shi kuma ya dawo da fushi.

Abin da ke sa ni zargin RAM shi ne rashin tsayuwar ciwon a wuri guda. Yau shuɗin allon ya rubuta MEMORY_MANAGEMENT, gobe PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA, jibi kuma fayil ɗin da aka kwafa lafiya ya ƙi buɗewa. Manhajar da ta lalace takan faɗi ne a wuri ɗaya, a kan aiki ɗaya.

Daga nan sai filas mai ɗauke da MemTest86, manhajar da Chris Brady ya fara a 1994, wadda kamfanin PassMark ya karɓa a 2013, ko 'yar'uwarta Memtest86+. Daga filas ɗin injin ke tashi, Windows ba ya ciki, sai manhajar ta riƙa rubuta lambobi a kowane lungu na RAM tana karantawa, ta ga ko abin da ta ajiye shi ta tarar. Windows ma yana da nasa gwajin tun zamanin Vista, a buga mdsched ya fito, amma ni ban cika dogara da shi kaɗai ba.

Abin da ya fi ɗaukar ni lokaci kafin ya zauna mini shi ne wannan: kuskuren da gwajin ya nuna da jan layi a allo ba ya nufin sandar RAM ta mutu. Yana nufin wani abu ya lalata saƙon ne a hanya, hanyar kuwa da tsawo. Akwai sandar kanta, akwai gurbin da take zaune, akwai layukan da ke jikin bod, wato babban faifan da sassan injin ke haɗe a kansa, sannan sashen da ke sarrafa RAM yana cikin furosesa ne, tun 2003 a wajen AMD, tun 2008 a wajen Intel. Kamar famfon da ya kawo ruwa mai datti ne, ba lalle laifin rijiyar ba ne.

Saboda haka abu ɗaya nake canzawa a lokaci guda. In cire caja da batir, in buɗe 'yan maƙallan nan biyu da ke riƙe da sandar RAM ta gefe, sandar ta ɗago da kanta. Sau da yawa bayan hunturu za ka ga haƙoranta masu ruwan zinariya sun dushe, ƙura ta kwanta a gurbin. In goge su a hankali da magogin fensir, in kaɗe, in mayar har in ji ƙas. Idan sanduna biyu ne, kowacce in gwada ta ita kaɗai, a gurbi na farko, sannan na biyu. Kuskuren ya bi sandar duk inda ta je, to ita ce. Ya tsaya a gurbi ɗaya ko da wace sanda aka sa, magana ta koma kan bod, sayen sabuwar RAM asarar kuɗin mutane ce.

Wucewa zagaye ɗaya na gwajin lafiya ma ba shaida ba ce. Wani kuskuren sai inji ya ɗau zafi yake fitowa, balle a watan Afrilu da fanka ta toshe. Shi ya sa nake barin gwajin ya cika zagaye huɗu, ko da zai kai dare, in wuta ta yarda ke nan, don ɗaukewarta a tsakiya na nufin a faro daga farko.

Idan RAM ta fita tsaf, sai in duba lafiyar faifan ajiya da CrystalDiskInfo, in matsa wa furosesa da Prime95 ina kallon zafinsa, in kuma gwada wata cajar. Laftof ɗin gwanjo na Dell da HP, waɗanda suka cika kasuwa, suna da nasu gwajin tun kafin Windows ya tashi: maɓallin F12 a Dell, F2 a HP. Duk wanda zai saya, ya danna a gaban mai shagon kafin ya ƙirga kuɗi.