Abin da shari'ar Boston ta 1770 ta koya mini a aikin lauya

Duk lauyan da ya taɓa tsaya wa mai laifin da gari ya tsana ya san tambayar nan: "Barista, kai da iliminka, wannan za ka kare?" Ni amsata na samo ta ne daga tarihin John Adams, lauyan da aka haifa a Braintree ta Massachusetts a 1735, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na biyu, daga 1797 zuwa 1801.

A daren 5 ga Maris 1770, sojojin Ingila suka buɗe wuta kan wani taro a titin King da ke Boston, birnin da a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Ingila. Mutum biyar suka rasu, ciki har da wani baƙar fata, Crispus Attucks. Gari ya ɗau zafi, kowa jinin sojojin yake nema. Adams yana cikin masu adawa da mulkin Ingila, amma shi ya karɓi shari'ar kyaftin Thomas Preston da sojojinsa takwas, tare da wani matashin lauya, Josiah Quincy. Yayan Quincy ɗin, Samuel, yana ɓangaren masu gabatar da ƙara.

Mutane sun fi yabon ƙarfin halinsa. Ni abin da ya fi amfanata shi ne yadda ya yi aikin. An raba shari'ar gida biyu. A ta Preston, tambaya ɗaya aka riƙe: shin shi ya ba da umarnin harbi? Shaidu suka saɓa wa juna, aka sallame shi. A ta sojojin kuwa, aka bi abin da ya faru filla-filla: wa ya yi jifa da ƙanƙara, wa ya ɗaga kulki, wane soja aka buge ya faɗi kafin ya harba. Aka kawo likita John Jeffries, wanda ya yi jinyar Patrick Carr, ɗaya daga cikin waɗanda aka harba. Ya shaida cewa Carr, yana kan gargara, ya ce sojan da ya harbe shi kare kansa yake yi. Irin wannan furuci na mai shirin mutuwa har yau dokar shaida ta Najeriya tana karɓarsa bisa sharuɗɗa, don tushen dokar ɗaya ne, wato dokar Ingila. Shida daga cikin sojojin aka wanke. Biyu, Hugh Montgomery da Matthew Kilroy, aka same su da kisa ba da niyya ba, aka yi musu lalas a babban yatsa.

Tun da na fahimci wannan, idan aka kawo mini fayil mai mutum biyar ko shida, kowa takardarsa daban nake buɗe masa. A ina yake tsaye, me ke hannunsa, wa ya gan shi da idonsa, wa kuma ji kawai ya yi. Aiki ne mai cin rai, amma sau da yawa a nan ake gano yaron da aka kwaso shi don kawai yana wurin.

Akwai wurin da ba zan bi Adams ba, kuma yana ci mini tuwo a ƙwarya. A jawabinsa na rufewa ya siffanta taron da gungun fitsararrun yara da baƙaƙen fata da 'yan Ailan da ma'aikatan jirgin ruwa, ya ɗora wa Attucks babban kaso na laifin, mutumin da ke kabari ba shi da bakin kare kansa. Hujjojinsa sun isa ba tare da wannan ba. Shi ya sa kafin in karanta jawabina a gaban alƙali nake zama da biro, in soke duk jimlar da ta taɓa asalin mamaci ko ƙabilar shaida, ko da wanda nake karewa ya so a bar ta.