Yadda garabasar banki ke sauya halin mai ajiya

Na daɗe ina lura da tasirin garabasar bankuna a kan masu hulɗa da su. Da zarar an sanar cewa wanda ya bar wani adadi a asusunsa har ƙarshen wata zai shiga ƙuri'ar cin kyauta, sai mutane su jinkirta cire kuɗi, kuma abin da banki ke nema ke nan, domin da ajiyar jama'a yake ba da rance ya ci riba. Abin da ke damuna shi ne, kwaɗayin kyauta yakan hana mutum karanta sharuɗɗa, musamman cajin da ake cirewa da kuɗin ruwan da zai hau kan bashi bayan wa'adin rangwame ya ƙare.