Darar salula da rumbun da ke yin kuskure

Shagonmu na Zango, nan Damagaram, abincinsa manhajojin lissafi ne: na masu sayar da magani, na ƴan kasuwar Dole masu son sanin abin da ya shiga da wanda ya fita. Mu huɗu ne, ni da samari uku. Idan aiki ya yi sauƙi mukan koma kan wasan dara da muke haɗawa don salula, darar nan ta gida talatin, kowa da ƴaƴa goma sha biyu.

Dabarar tunanin na'urar mun aro ta daga masu rubuta manhajar ces, darar Turawa. Na'ura tana hango motsi bayan motsi, kuma sau da yawa hanyoyi daban-daban suna kawo ta ga zubi ɗaya na allo. Don kada ta maimaita wahala, sai ta adana sakamakon a wani rumbu. Kowane zubi yana da lambar shaida, bisa tsarin da Albert Zobrist ya kawo a 1970: a ba kowane ɗa a kowane gida lambar da aka zaɓa da ka, a cuɗa su wuri ɗaya. A ces, ƴaƴa iri 12 a gida 64 sun ba da lamba 768. Mu sittin ta ishe mu, sai ɗaya ta mai juyin wasa.

Matsalar ita ce zubi ya fi lambobin shaida yawa, rumbun kuma ƙarami ne, ballantana a salular araha irin wadda mutanenmu ke riƙewa. Wata rana zubi biyu za su yi karo a lamba guda, kamar Musa biyu a layin karɓar kaya, a miƙa wa wannan ƙunshin wancan. Ƙaramin cikin samarin ya tsaya kai da fata sai an adana allon dukansa don a tabbatar. Na ce masa, ƙanena, hakan zai cinye wurin da ba mu da shi.

Robert Hyatt, mai manhajar ces ɗin nan Crafty, da Anthony Cozzie sun gwada illar irin wannan karo a 2005. Da gangan suka ƙara yawan karon, sai ga shi motsin da manhajar ke zaɓa da wuya ya sauya. Dalilin a fili yake: mafi yawan rassan wasa, wato jerin motsi bayan motsi, da na'ura ke leƙawa na banza ne, motsin da ba mai hankalin da zai yi. Ƙimar ƙarya da karo ya jawo a can ƙasan reshe sai ta rinjayi kowane mataki kafin ta iso sama inda ake zaɓar motsi, galibi kuwa tun a hanya wani motsi ya fi ta. Manhajar ces ta Stockfish ma, duk ƙarfinta, ɗan guntun lambar kawai, bit 16, take ajiyewa a kowane gurbi na rumbun.

Abin da ba a yi wa sakaci shi ne motsin da aka ɗauko daga rumbu. Idan na wani zubi ne, yana iya cewa a ɗaga ɗa daga gidan da ba kowa, manhaja ta mutu a hannun mai wasa. Shi ya sa muke duba halaccinsa kafin a taka, layi kaɗan ne.

Wannan sassaucin a dara ya tsaya. A manhajar kantin magani, idan kwalba biyu suka faɗa gurbi ɗaya, sai an gwada cikakken suna da lambar kaya, ko da na'urar za ta ɗan yi nauyi.