Abin da mahalarta suka rubuta bayan taron kare masu rauni a Garwa

Kamfaninmu ƙarami ne, kuma sana'armu ita ce shirya tarurrukan ƙara wa juna sani a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru: mu kama ɗakin taro, mu nemo masu jawabi da tafinta, mu tanadi abinci, daga bisani mu tattara ra'ayoyin mahalarta mu rubuta wa wanda ya ba mu aikin rahoto. Taron da muka kammala kwanan nan ya shafi kare masu rauni daga cutarwa, da yadda ake tantance ko mutum yana da ikon yanke wa kansa shawara. Ma'aikatan jinya ne suka fi yawa, sai jami'an jin daɗin jama'a da malamai da masu unguwanni.

Wuraren sa alama a takardar jin ra'ayi ba su cika nuna gaskiya ba, domin wanda ya ci abincinka kunya ba za ta bar shi ya ce bai gamsu ba. Saboda haka muke barin fili a ƙasan takardar, muna karɓar rubutun Faransanci da na ajami, kuma muna zaunar da ma'aikatanmu a bakin ƙofa su saurari mai son yin magana da Hausa ko Fillanci.

Jawabin da ya fi jawo ce-ce-ku-ce shi ne wanda ya yi bayanin dokar Ingila da Wales ta 2005, wadda ta ce a ɗauka kowane baligi yana da ikon yanke shawara har sai an tabbatar da akasin haka, kuma zaɓin da mutane ke gani wauta ne bai isa hujjar cewa mutum ya rasa wannan ikon ba. Da yawa sun rubuta cewa wannan tsarin Turawa ne, mu a nan dangi ke zama su yanke. Ban yarda da su gaba ɗaya ba, kuma wata ma'aikaciyar jinya ta riga ni ba su amsa. A bayan takardarta ta kawo labarin wata tsohuwa da gigin tsufa ya fara taɓawa, wadda ɗanta ya kawo domin ta dangwala yatsa a takardar sayar da gonarta. Ta ce tambayoyi huɗun da ta ji a taron, wato ko tsohuwar ta fahimci maganar, ko za ta iya riƙe ta, ko za ta iya auna ta, ko za ta iya bayyana zaɓinta, su ne abin da ita ma'aikaciyar ta rasa a ranar. Dangi suna iya zama, amma mai gonar ya kamata a fara tambaya, kuma da safe, lokacin da hankalinta ya fi kwanciya.

Wani malami ya yi ƙorafin cewa ba a taɓo hukuncin hajru na fikihun Malikiyya ba, wato hana wanda ba ya iya tattalin dukiyarsa sarrafa ta tare da naɗa masa waliyyi, alhali mutanenmu da shi suka saba. Ya yi gaskiya, kuma haka waɗanda suka nemi a faɗaɗa bayani kan dokar Kamaru ta 13 ga Afrilu 2010 game da kare naƙasassu.

Ƙorafin zafin ɗaki da jinkirin abinci na mai otal ne, mun kuwa isar masa. Wanda ya fi nauyi a rahoton shi ne tambayar da ta yi ta maimaituwa: idan ma'aikaci ya tarar da mai taɓin hankali ɗaure da mari a bayan gida, wa zai fara sanarwa, mai unguwa ko ofishin jin daɗin jama'a ko jandarma? Mun ba da shawarar a ware wa wannan tambaya yini guda a taro na gaba, a zaunar da ɓangarorin uku a teburi ɗaya, kuma a gayyato wanda ya taɓa fama da cutar ya warke ya yi magana da bakinsa.